Cefane ya ragu amma jiki na ƙaruwa, ku ya kuke yi a gidajenku?

Maman_Walid
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah tambaya gare ni kuma ina son amsa daga masu riƙe da gida. Mu takwas ne, ni da maigida da yara biyar da ƙanwarsa da ke hannuna. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kaya suka tashi, cefanenmu ya koma shinkafa da taliya da garin kwaki da mai da yaji, sai tuwon masara da dare. Nama sai ranar Juma'a in an samu, ƙwai kuwa mun daɗe rabonmu da shi. To abin da ya ɗaure min kai ni ƙiba nake yi. Na je asibiti kan ciwon gwiwa da ciwon kai aka hau da ni sikeli aka gwada jini, likita ta ce jinina ya fara hawa sai na rage jiki, in rage shinkafa da taliya in yawaita ganye da kifi da kayan marmari. A gidan nan kuma autana ɗan shekara uku an ce bai kai nauyin shekarunsa ba. Ni in rage, shi ya ƙara, tukunya ɗaya, kuɗin cefane ɗaya. Wlh na rasa ta inda zan kama.

UmmuHaneefa
Wa alaikumus salam. Maman Walid kamar gidana kika leƙa kika rubuta. Ni nawa na san daga inda yake zuwa, ragowar kwanon yara ne. Abinci ya yi tsadar da ba ka iya kallon a zubar da shi, sai in haɗa na wannan da na wancan in cinye a tsaye a kicin, har ƙanzo ba na bari. Ga nawa rabon kuma daban.

Abu_Sadiq
A yi min afuwa iyayenmu mata, amma ni a sanina wanda yake ƙiba yana ƙoshi ne. Mu da muke yini a rana muna nemowa ku dube mu mana, wando har faɗuwa yake. In da cefanen bai isa ba ai da jiki ya nuna.

Malamar_Jinya
Malam Abu Sadiq jikin ai ya nuna, ka duba ɗan autan nata. Kuma ita ma ya nuna, ta wata hanya ce daban. Abinci mafi araha da ke cika ciki shi ne mai sitaci da mai, wato shinkafa, taliya, gari, burodi, sukari. Waɗannan suna ba jiki ƙarfi, in ƙarfin ya fi wanda aka ƙona sai jiki ya ajiye shi kitse. Amma abin da ke gina tsoka da jini da ƙashi yana cikin wake, gyaɗa, kifi, ƙwai, nono da ganye, su ne kuma ake fara cirewa in kuɗi ya gaza. Shi ya sa a ɗakin awo kullum muke ganin mace cike da kujera a gwada ta a ce jininta ya yi ƙasa. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na matan Najeriya nauyinsu ya wuce ƙima, kashi 58 kuma suna da ƙarancin jini, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kashi 37 sun tsumbure. Tun kafin wannan tsadar kenan fa.

Abu_Sadiq
Toh Malama na ji, amma ai ba mu muka ce a daina dafa wake ba.

Uwargida_TudunWada
Gas ne ya ce a daina, da gawayi. Malam ka taɓa tsayawa kan tukunyar wake ka ga abin da take ci na wuta? Taliya minti goma ta nuna, Indomie ko biyar ba ta kaiwa, wake kuwa in tsoho ne sai ka ƙone gawayin da zai yi maka girki biyu kafin ya yi laushi. Ku kuna lissafin kwano nawa ne a kasuwa mu muna lissafin kwano da makamashi da yaran da za su dawo daga boko ƙarfe biyu su wuce Islamiyya ƙarfe uku da yunwa. Kuma a 2024 waken ma ai ya fi ƙarfin talaka, garau-garau da ake ce wa abincin marasa hali sai da ya koma shinkafa zalla kana tsintar waken a ciki ɗaya ɗaya.

Hajiya_Babba
'Ya'yan nan ku jiƙa waken tun da dare mana, da safe ki zubar da ruwan ki wanke ki ɗora, rabin wutar ma ba zai ci ba. Kuma ku rage zabga kanwa. Mu da muka taso ba mu san wannan ciwon gwiwar a shekara talatin ba. Tuwon dawa ne da miyar kuka ko yakuwa ko kuɓewa da daddawa, da rana a yi fate ko dambu da zogale ko kwaɗon rama da ƙuli. Shinkafa sai da Sallah. Kuma kafin tuwon ya shiga baki kin yi surfe kin yi daka kin ja ruwa a rijiya. Yanzu inji ke komai, mace tana ɗaki ɗaya da falo daga gado sai kujera, ba laifinku ba ne zamanin ne ya zo haka, amma abincin da muka ci da aikin turmi ba zai zauna daidai a jikin da ba ya motsi ba.

UmmuHaneefa
Hajiya gaskiya kika faɗa sai dai ganyen da kuke tsinka kyauta a bayan gida mu yanzu sayensa muke. Zogale ɗan ƙulli nawa? Gidan haya ko inda za ka ajiye bokiti babu balle shuka.

Hajiya_Babba
Ko a tsohon buhun siminti alayyahu na fitowa 'yata. Ni a bakin rariya nake nawa.

Malam_Lissafi
Bari in kawo wani abu da zai sa a daina ganin laifin juna. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa tana fitar da kuɗin da babban mutum ɗaya ke buƙata a rana ya ci abinci mai gina jiki mafi araha. A tsakiyar 2024 ya haura naira 1,200. Ku ɗauki 1,200 ɗin ma kawai ku buga da mutum takwas na gidan Maman Walid, 9,600 kenan a rana, a wata 288,000. Ko a ce yara ba sa cin na manya a zabge kashi ɗaya cikin uku, har yanzu kusan dubu ɗari biyu ake magana. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. A watan Yunin 2024 ɗin hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari. Ba haya a ciki, ba kuɗin makaranta, ba magani. To likita ta faɗi gaskiya da ta ce a ci kifi da kayan marmari, maigida ma ya faɗi gaskiya in ya ce iya abin da ke aljihunsa kenan.

Ɗan_Dawanau
Malam wannan lissafin na lokacin da abin ya kai ƙarshe ne, lokacin da mutane ke layin afafata, shinkafar da a da kifi ake zuba wa, har mata masu gurasa suka fito zanga-zanga a Kano kan tsadar fulawa. Ni a kasuwar hatsi nake, daga 2025 masara da gero da dawa da wake duk sun sauko sosai, ba wanda zai musa. Matsalar da nake gani ita ce mutanen gari sun saba da kanti, a sayi taliya ƙwaya biyu, tumatirin leda, ƙullin mai, ƙullin sukari, kullum kullum, in ka tara na wata sai ka ga ya sayi tiyoyin gero da waken suya masu yawa. Waken suya har gobe yana cikin mafi arahar abin gina jiki, kwano ɗaya ki yi awara ki yi madara ki zuba garinsa a kunu, dusar ma ba a yarwa.

Uwargida_TudunWada
Ɗan Dawanau mai samun kuɗi kullum kullum dole ya saya kullum kullum. Mijina ɗan adaidaita ne, abin da ya samo yau shi za a ci gobe, ina zai ga kuɗin rabin buhu a dunƙule? Wanda ya fi kowa talauci shi ya fi kowa sayen abu da tsada, ni na daɗe da ganin haka.

Manomi_Giwa
Ku kuna murna hatsi ya sauko mu muna nan muna kuka. Gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150 a 2024, kaya suka cika kasuwa, mu kuma mun sayi taki da tsada mun noma, sai ka sayar da buhun masara bai saya maka buhun taki ba. Da yawa a wajenmu sun rage masara sun koma waken suya da dawa don ba sa cin taki kamarta. Ban ce a bar mutane da yunwa ba, amma in manomi ya karye tsadar za ta dawo ne.

'YarMaraɗi
Sallama gare ku 'yan uwa na Najeriya. Mu ma nan mun sha tamu lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 2023, shinkafa da mai sun yi wuya ƙwarai. Abin da ya riƙe gidaje da yawa hura ce da dambun zogale. Amma ko nan cikin gari yanzu yara ba su son hura sai an cika ta da sukari, kuma mace in ba ta da jiki sai a ce mijinta bai iya riƙo ba. Ina jin wannan maganar ɗaya ce da ku.

Anti_Zee
Yauwa 'yar Maraɗi kin taɓo inda nake jira. Maman Walid ki shirya, ranar da kika fara raguwa dangin miji ne za su fara tambaya ko lafiya, naki dangin kuma su ce ba ya ba ki abinci. Ni da na rage saboda suga har gida wata gwaggona ta zo ta ja ni ɗaki tana tambayata tsakanina da Allah me ke faruwa a gidan. A wajenmu ƙiba ita ce shaidar hutu, shi ya sa wani maigidan ko likita ya yi magana ba ya so matar ta faɗa, gani yake da shi za a yi.

Binta_Kurna
Ga 'yan mata can kuma suna sayen maganin ƙiba na sha ka fashe saboda biki ya matso. Kuɗin da ba a samu an sayi ƙwai da shi ba an kai wa mai kemis.

Malamar_Jinya
Wannan kam yana ci min rai Binta. Yawancin abin da ake haɗa musu dexamethasone ne da cyproheptadine. Na biyun maganin ƙaiƙayi da mura ne da ke buɗe ciki, na farkon kuma magani ne mai ƙarfi da ba a sha sai da likita, yana tara ruwa a jiki ya kumbura fuska da ciki da doron wuya, ƙafafu su tsuke, ya tayar da suga da hawan jini ya raunana ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kuma kar ta yanke shi rana ɗaya, da haɗari, ta je asibiti a janye mata a hankali. Kumburi ne ake saya da kuɗi ana kiransa ƙiba.

Maman_Walid
Ngd sosai da kowa, ina ta karantawa. Ni dai ban taɓa shan komai ba, allurar tsarin iyali kawai nake yi. Bari in faɗi yadda ranarmu take ku gaya min inda zan taɓa. Da safe shayi da burodi, babban flas nake cikawa da sukari a ciki gaba ɗaya. Da rana shinkafa da mai da yaji ko taliya jalof, yara in sun dawo da yamma a jiƙa musu gari da sukari, ni ma in sha. Dare tuwo miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa. In zafi ya yi yawa nakan aika a sayo min lemon kwalba mai sanyi, ba kullum ba amma ina yi. Autan tare yake ci da yayyensa a faranti ɗaya.

Malamar_Jinya
Maman Walid allurar wata uku tana sa wasu matan ƙarin nauyi, ki faɗa musu in kin koma, amma kar ki bari da kanki. Sai maganar auta, ita ce ta fi gaggawa. Ki cire shi daga farantin yayyensa yau ɗin nan, ɗan shekara uku ba zai iya tsere da 'yan shekara tara ba, kafin ya kai loma biyu sun share. Kwanonsa daban, ki zauna kusa da shi har ya gama, kuma cikinsa ƙarami ne sai ya ci sau huɗu ko biyar a yini. Ki soya gero ko dawa da waken suya da gyaɗa sama sama a niƙo, ki riƙa dama masa da kauri, ba tsararo ba. Shi kam man girki alheri ne gare shi, ki ɗiga masa manja a nasa. In ƙwai ɗaya kawai aka iya saya a gidan to nasa ne. Ki kai shi a auna damtsensa da ɗan tef ɗin nan mai launi, in ya shiga ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko kika ga ƙafafunsa sun kumbura, tamowa ce mai tsanani ba ta gida ba ce, akwai abincin leda da ake bayarwa a cibiyoyin tamowa.

Ke kuma sukari za ki fara kamawa. Lemon kwalba na 50cl sukarinsa ya kai gram 50 ko kusa, wajen ƙaramin cokali goma sha biyu, iyakar abin da hukumar lafiya ta duniya ta ce kar babba ya wuce a yini guda kenan, ba a sa na shayi da na gari ba. Ki daina zubawa a flas, kowa a sa masa a kofinsa. Mai kuma ki auna da cokali ki daina tsiyayawa daga jarka, ya ninka shinkafa ƙarfi fiye da sau biyu in aka auna nauyi ɗaya. Saboda jinin nan ki rage gishiri da magi, daddawa ta ɗauki wani nauyin. Duk wannan rage kashe kuɗi ne, ba ƙari.

Anti_Zee
In ƙara a kan na Malama, ni ban taɓa yin tukunya biyu ba don ba halin. Abin da kowa ya ci shi nake ci, malmala ɗaya ƙarama miya da yawa. Ranar shinkafa sai in yanka kabeji ko in yi ɗan kwaɗon zogale in fara da shi, shinkafar ta zo daga baya ludayi ɗaya. Kifi kuma ba sai na sanyi mai tsada ba, ɗan busasshe ko banda a daka a zuba a miya kowa ya samu. Kayan marmari na bar wahalar da kaina da tuffa, abin da ke yayi nake saya, lokacin mangwaro mangwaro, lokacin gwaiba gwaiba, yalo, kankana yanka ɗaya, da sanyi karas ya yi araha.

Uwargida_TudunWada
Ni inda ban yarda ba shi ne a ce a sauya shayi da burodi. Kunu ko koko da ƙosai ya fi riƙe ciki na sani, amma wa zai tashi ya yi gasara ya kai markaɗe ya soya kafin bakwai, ga wanka ga shirin makaranta, wuta babu? Kuma yaran yanzu ka ba su tuwon dawa su ce baƙi ne su kwana da yunwa, uwa kuma ba za ta iya gani ba sai ta tashi ta dafa taliyar da ta gudu.

UmmuHaneefa
Ɗumame fa? Nawa sun fi son shi a kan burodi in an ɗan sa man shanu ko manja. Na dare nake ƙarawa da gangan.

Binta_Kurna
Akwai abin da ba a faɗa ba har yanzu. In an sa nama ƙwaya huɗu a miya kwanon wa yake tafiya? Na maigida. Shi kuma da ya fita ya tsaya wajen mai shayi an soya masa ƙwai biyu, da dare ya biya wajen mai tsire ya ci a can ya goge baki ya shigo. Ba duka ba amma akwai su da yawa, kuma wasunsu ga tumbi nan a gaba, su ba a ce su rage. Kuɗin tsiren dare ɗaya zai sayi ƙwan yaro na kwanaki.

Abu_Sadiq
Binta wannan kuma kin haɗa mu duka kin yi mana kuɗin goro. Ni Allah ya sani ruwan leda da rogo nake yini da shi a kasuwa. Amma maganar kwano gaskiya ce, ana sa min naman kuma ina ci ban taɓa tambayar ko yara sun samu ba, haka muka taso muka ga ana yi wa iyayenmu. Abin da nake roƙo shi ne in mace za ta kawo maganar canza cefane ta zo da lissafi, a cire wannan a sa wannan kuɗi ɗaya, kar a tare mutum daga shigowa da likita ya ce a sayo kaza da kaza, nan ne rai ke ɓaci.

Maman_Walid
Malam Abu Sadiq nawa maigidan shi ke yo cefanen da kansa, ni sai dai in ga leda, to sai na samu lokacin da yake cikin natsuwa. Malama gobe in sha Allah zan kai auta a auna shi. Abin da har yanzu ban gane ba shi ne rana, in na rage shinkafa yunwa ke hana ni sakat kafin la'asar har hannuna ya riƙa rawa, shi ke kai ni ga garin.

Malamar_Jinya
Shinkafa da mai zalla dole ta sake ki da wuri, ko ɗan wake ko ƙuli ko awara biyu ki haɗa da ita. Amma rawar hannun nan ki faɗa a asibiti su gwada miki suga tun da za ki je goben, da safe kafin ki ci komai.

Ɗan_Dawanau
Uwargida Tudun Wada na dawo kan maganarki ta masu samu kullum, kin fi ni gaskiya a nan. Abin da nake gani wasu matan unguwa na yi shi ne adashi, gida biyar ko shida su haɗa su aiko mutum ɗaya ya sayi buhun wake ko na waken suya da kaka a raba da kwano, kuɗin mota ma ya zama ɗaya. Wake ki shanya shi ya bushe sosai ki ɗura a jarka ki cika ta har wuya ki toshe, ƙwaro ba ya rayuwa in ba iska, kar ki yarda da zuba masa maganin feshi.

Manomi_Giwa
In za ku haɗa ku saya to daga Nuwamba zuwa Disamba ne, sabo na shigowa. Ku zo kasuwannin ƙauye ma ya fi muku.

Uwargida_TudunWada
Waɗanda suka saya suka ajiye a ƙarshen 2024 ai asara suka yi da kaya suka karye daga baya. Ni tsorona kenan, in ɗaure ɗan jarina a jarka farashi ya sauko.

Ɗan_Dawanau
'Yan ajiya don riba su suka yi asara Hajiya, ke da za ki ci abinki ba ruwanki. Ki fara da kwano biyar kawai ki gani. Ku nawa ne a layinku da za su yarda su shiga?